Ɗan Baffana na Kartaj

Sunana Trebius, mutumin Samniyum, kuma har na kai shekara ashirin da uku ban taɓa ganin teku ba. Tumakin babana nake kiwo a kan dutse, in gangara da su kwari idan sanyi ya shigo, in mayar da su idan ya wuce. A shekarar da Rumawa suka ƙudurta karawa da mutanen Kartaj a kan ruwa, manzonsu ya hau har ƙauyenmu yana haki, ya ce mu ba da mutum goma sha biyu. Haka sharaɗin yake tun da suka ci iyayenmu da yaƙi: idan Rum ta yi ɗamara, mu ma sai mu yi, muna so ko ba ma so. Aka jefa ƙuri'a, ta faɗo kaina.

Na ɗauki mashin babana, uwata ta ɗaure mini cuku uku a tsumma, muka yi kwana tara a hanya. Da muka iso bakin teku, ƙarar guduma ce ta fara tarbar mu. Wani jirgin Kartaj ne ya taɓa kafewa a gaɓa, Rumawa suka kama shi, shi ne massassaƙa ɗaruruwa suka sa a gaba suna kwaikwayonsa katako bayan katako. Jiragen ba su gamu ba tukuna. Abin da ya gamu shi ne bencina, an jera su a kan yashi sahu sahu.

Wani soja ya karɓe mashina ya jefa cikin tari, ya nuna mini wani dogon itace mai faffaɗan baki.

"Ga makaminka. Filafili ake ce masa. Zauna can."

Kowane filafili mutum biyu ne a kansa. Wanda na tarar a bencina wani gajere ne mai tumbi, yana taunar tafarnuwa. Ya shaƙi iska, ya waiga hagu da dama.

"Wannan warin fa? Mutum aka kawo mini ko akuya?"

"Tumaki ne," na ce. "Ɗan birni ai bai san bambanci ba."

"Af, Basamne ne! Na ji harshen. Ni ne Numerius, baduku, daga bayan kasuwar shanu a Rum. Matsa can, ɗan dutse, kada ka shafa mini ƙuma."

Jinina ya hau. Na ce masa, "Kakana yana cikin waɗanda suka ritsa rundunarku a mashigar dutse, suka tuɓe ku, suka sa kuka wuce ƙarƙashin mashi a duƙe, ɗaya bayan ɗaya."

"Ai kakana ma yana wurin," in ji shi. "Ya ce shi ko duƙawa bai yi ba, don gajere ne, tafiyarsa kawai ya yi. To yanzu gaya mini, wa yake zaune a kan yashin wa?"

Wanda aka ɗauko ya koya mana tuƙi wani Bagirke ne mai sanƙo daga Tarentum, sunansa Lukon, shekararsa talatin a teku. Yana da guntun kututture da ƙaramar guduma. Idan ya buga sau ɗaya mu sunkuya gaba, idan ya sake bugawa mu ja baya. Mutum ɗari uku, manoma da makiyaya da dukawa, muna ta tuƙa iska a kan busasshen yashi. Matan masunta sukan zo da soyayyen kifi su sayar, su tsaya suna riƙe ciki.

"Ku yi hankali da igiyar ruwa, jarumai!" in ji su. "Wayyo, na ƙarshen can zai nutse!"

Duk bencin da ke wurin ya fara daidaita cikin mako guda, ban da namu. Idan na ja, Numerius yana turawa. Idan ya ja, ni na tsaya in amsa masa wata baƙar magana. Sau biyu filafilinmu yana kwaɗe ƙeyar na gabanmu. A rana ta takwas Lukon ya ajiye gudumarsa ya tako har inda muke.

"Ku biyun nan, manoman albasa. Yaƙin kakanninku kuka zo ƙarasawa a bencina?"

"Shi ne ya fara, maigida," muka ce tare.

"To kun ga, ashe kun iya yin abu tare."

Ya sa aka kawo igiya aka ɗaure hannuna na hagu da na daman Numerius, ya ce kwana uku. Tare muke cin faten alkamarmu daga akushi ɗaya, tare muke zagayawa bayan tudu. A nan na gane cewa mutumin ko a can ba ya rufe baki. Ya cinye mini cuku ɗaya da rabi, yana ci yana kushewa.

A rana ta uku ne abin ya gyaru, ba don mun shirya ba. Da guduma ta sauka, muka sunkuya, ya ce, "Ɗan akuya." Da ta sake sauka, muka ja, na ce, "Jikan gajere." Ya ce, "Mai ƙuma." Na ce, "Mai tumbi." Zagi ɗaya a turi, amsa ɗaya a ja. Can muka lura filafilin yana tafiya sumul kamar hannu ɗaya ke riƙe da shi. Lukon ya tsaya a kanmu yana saurare, ya shafa sanƙonsa.

"Ku ci gaba da haka. Amma idan zagin ya ƙare muku, ku zo in ara muku na Girkanci." Ya kwance igiyar da kansa, sannan ya ɗaga murya kowa ya ji. "Abu ɗaya nake so ku riƙe. Ko jirgi ya kama wuta, ko sama ta faɗo, kada mutum ya saki filafilinsa."

Bayan wata biyu aka tura jiragen cikin ruwa. Ranar farko babu wanda ya zagi wani, don daga ni har Numerius kanmu na cikin guga ɗaya. Jiragen suna da nauyi, ba sa juyawa da sauri, kuma kowa ya san mutanen Kartaj a cikin jirgi aka haife su. Saboda haka Rumawa suka ƙirƙiro wata dabara irin tasu. A gaban kowane jirgi suka kafa wata doguwar gada ta katako, a tsaye, an ɗaure ta da igiya, a ƙarshenta akwai ƙaton baki na ƙarfe. Hankaka muke ce mata. Idan jirgin abokan gaba ya matso, sai a sake ta ta faɗa masa, bakin ya cake a katako, sojoji su tsallaka su yi irin faɗan da suka iya, na ƙasa.

"Ka ga hankalin Barume," in ji Numerius. "Idan bai iya ruwa ba, sai ya taho da ƙasarsa."

Muka bi gaɓa muka yi kudu har muka kai tsibirin Sisili. Da hantsi wata rana aka busa ƙaho, Lukon ya sauko wurinmu ba ya murmushi, ya zauna a gaban kututturensa. Mu matuƙa a ƙarƙashin dandamali muke, ba ma ganin komai sai ta ramin da filafili yake fita. Ta nan na leƙa na ga jiragen Kartaj, dogaye, masu fenti, suna tahowa ko layi ba su damu su ja ba. Da suka matso har dariyarsu muna ji. Suna nuna hankakarmu suna shewa.

Guduma ta ƙara sauri. Bakin Numerius ya bushe, zagin ma da kyar yake fita. Sai muka ji wani irin ƙara a sama, jirgin ya girgiza, ƙafafun sojoji suka yi ta dududu a kan kawunanmu. Hankaka ta cafke. Dariyar da muke ji ta koma ihu.

Muna cikin murna ke nan wani jirginsu na biyu ya zagayo ta gefenmu. Ƙahon tagullar da ke goshinsa ya bi haƙarƙarin jirginmu yana kakkarya filafilai kamar kara, ya ɓalle katakon da ke kusa da bencinmu. Rana ta shigo inda da babu rana. Filafilinmu ya maƙale a jikin jirgin nasu, ya fara jan mu waje.

"Saki!" in ji Numerius.

"Kai ka fara saki!"

"In saki kafin Basamne? Har abada!"

Haka muka fita ta ramin nan mu biyu, riƙe da filafilinmu, muka faɗa teku.

Babu wanda ya iya iyo a cikinmu. Itacen ya karye, rabin da ke hannunmu yana yawo a kan ruwa, mu kuma kowa yana ƙoƙarin hawa gefe ɗaya. Idan na hau ya mirgina, idan Numerius ya hau ya nutse da mu duka. Na sha ruwan gishiri har na daina ganin jirage sosai. Na tuna uwata, na tuna ban ko yi mata sallama da kyau ba.

Sai na ji mari a kuncina. Wani ɗan tsamurmurin dattijo ne, mai furfura a gemu da zoben tagulla a kowane kunne, yana tsaye a cikin ruwa kamar a tsakar gidansa. Ya yi mana tsawa da wani harshe da ban taɓa ji ba. Ya kama ni ta gashi ya kai ni wancan bakin itacen, ya ɗora hammatana a kai. Ya kama Numerius ta kunne ya kai shi ɗaya bakin. Itacen ya tsaya cak. Shi kuma ya riƙe tsakiya, yana harbin ruwa da ƙafa, yana tura mu nesa da jiragen da ke ci da wuta.

Numerius ya yi tari ya amayar da ruwa, ya dube shi da kyau.

"Trebius. Wannan fa Bakartaje ne."

"Na gani."

"To mu ne muka kama shi, ko shi ne ya kama mu?"

Mun daɗe a haka, har rana ta take tsaka. Duk lokacin da hannun ɗayanmu ya fara sulɓewa, dattijon ya kai masa duka. Ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Arish." Muka faɗa masa namu. Ya gwada na Numerius sau uku, ya haƙura.

Da ƙarar yaƙi ta lafa, muka hango ƙananan kwale-kwalen Rumawa suna tsintar mutane. Ashe mun yi nasara, abin da ko mu ba mu zata ba. A cikin wanda ya nufo mu, namu suna zaune a gaba an lulluɓe su, mutanen Kartaj kuma suna baya, an ɗaure wuyansu da igiya ɗaya. Kowa ya san inda igiyar nan take kai mutum: kasuwar bayi, daga nan sai ramin haƙar ma'adinai. Arish ma ya gani. Zai iya sakin mu ya yi iyonsa, amma gaɓa ta yi nisa, kuma ya san idan ya saki itacen za mu sake mirginawa. Bai saki ba.

Numerius ya miƙa hannu ya zare zobban kunnen dattijon, ya cusa su a bakinsa, a cikin kunci.

"Ɗan baffanka ne," ya ce da ni, maganarsa tana fita da kyar. "Daga ƙauyenku. Ba ya jin harshen Rum. Ka ji ko?"

Aka jawo mu ciki. Hafsan da ke kwale-kwalen, wani mai tabo a haɓa, ya dubi Arish sama da ƙasa.

"Wannan fa? Bai yi mini kama da namu ba."

"Ranka ya daɗe, Basamne ne," in ji Numerius. "Ɗan baffan wannan ne. Daga can ƙurya, inda ko hanya babu."

"Me ya huda masa kunne?"

"Ai haka suke yi, ranka ya daɗe. Ranar da suke yi wa tumaki shaida, sai su haɗa da yaran, don kada su ɓace. Mutane ne da ba su san wanka ba, yau ne karonsu na farko. Ga rashin kai. Ka ce musu dama su yi hagu. Wata biyu ina fama da su, ranka ya daɗe, ni kaɗai na san abin da na gani."

Hafsan ya juyo gare ni.

"Haka ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe," na ce, haƙorana a cije.

"Yi masa magana in ji."

Na dubi Arish na ce masa da harshenmu, "Ɗan baffa, ka ce wani abu, ko mene ne, in ba haka ba mun mutu duka." Dattijon ya gyaɗa kai, ya zubo wata doguwar magana da harshen Kartaj, har da ɗaga hannu sama.

"Me ya ce?"

"Ya ce yana gode wa Rum da ta cece shi."

Hafsan ya yi tsaki. "Harshe kamar ana tauna tsakuwa. Ku wuce gaba. Kai kuma gajere, me ya kumbura maka kunci?"

"Haƙori ne, ranka ya daɗe."

Da yamma aka mayar da mu jirginmu. An toshe ramin da katako, amma bencina bakwai babu masu su, kuma biyu daga cikin mutanen ƙauyenmu ba su dawo ba. Lukon ya zo yana ƙirga mu da yatsa, ya iso kan Arish ya tsaya. Ya dubi tafin hannunsa da kanta ta cika, ya dubi ƙafafunsa yadda suka kafe a kan katako duk da jirgin yana rawa. Sai ya yi masa wata gajeriyar tambaya da harshen Kartaj. Kafin dattijon ya ankara, ya amsa.

Lukon ya juyo a hankali.

"Wane ne wannan?"

"Ɗan baffana ne, maigida."

"Ɗan baffanka ya ce shekararsa arba'in a teku, kuma bai taɓa ganin wawaye irinku ba. Ya ce don me ba ku saki filafilin ba?"

"Ai kai ka ce kada mu saki!" in ji Numerius.

Lukon ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Da ya gama ya ce, "Ina da bencina bakwai babu kowa. Zaunar da ɗan baffanka a bayanka. Da ma duk Samnawa irinsa ne, da tuni na huta."

Kwana goma sha tara Arish ya yi tare da mu. Mutanen ƙauyenmu sun gane tun daga ranar farko, amma da suka ji labarin sai kowa ya kama kiransa ɗan baffa, har suna gardama a kan wanda ya fi kusanci da shi. Ta bakin Lukon muka ji cewa Arish ba soja ba ne, igiyoyin jirgi yake kula da su, kuma girgizar hankakarmu ce ta wurgo shi ruwa. Yana da 'ya'ya mata huɗu da bishiyar ɓaure a tsakar gida. Ba ya son fatenmu ko kaɗan. Kullum sai ya kama kifi da zare ta ramin filafili ya gasa mana idan an sauka gaɓa.

Kuma kowace safiya, muddin jirgi yana gaɓa, sai ya tasa mu gaba zuwa ruwa. Ya ce ba zai tafi ya bar mu haka ba, wahalarsa ta tashi a banza. Yakan tallabe cikina ya ce in harba ƙafa. Numerius kuwa, da ya gane tumbinsa ba ya nutsewa, sai ya kwanta rigingine a kan ruwa ya harɗe hannu, ya ce shi ya gama karatu. Ni na fi shi shan gishiri, amma kafin mako biyu ina zagaya jirgin sau biyu ba tsayawa.

A tashar Messana Lukon ya sami wani masunci ɗan garinsu da zai zagaya yammacin tsibirin, inda mutanen Kartaj ke riƙe da garuruwa. Muka raka Arish bakin ruwa da sassafe, Numerius ya mayar masa da zobbansa. Ya rungume ni, ya ja kunnen Numerius, ya faɗi wata magana.

"Ya ce idan kun sake haɗuwa da jirgin Kartaj, ku duba ko yana ciki kafin ku sakar masa wannan mugun tsuntsun," in ji Lukon.

"Gaya masa ya ɗaga hannu za mu gane shi," in ji Numerius. Sai ya juya ya hau faɗa da wani mai sayar da zaitun.

Ba mu sake ganinsa ba. Bayan shekara guda masuncin ya gaya wa Lukon ya sauke shi lafiya, kuma ya ga ya shiga wani jirgin hatsi mai zuwa Kartaj.

Ni da Numerius mun ƙara shekara biyu a benci ɗaya kafin a sallame mu. Ya koma rumfarsa a Rum, kuma har yau idan na gangara da ulu a gidansa nake sauka, matarsa ta shimfiɗa mini a kusa da murhu.

Ranar da na isa ƙauyenmu, dattawa suka kewaye ni suna tambaya mutum nawa na kashe. Na ce ko ɗaya. Suka ce ganima fa? Na ce babu. Wani kawuna ya ce, to me ka je ka yi shekara uku? Na ce na koyi iyo, kuma a duk faɗin dutsen nan babu wanda ya iya sai ni. Suka ce in nuna musu. Duk ƙauyen ya biyo ni zuwa rafi, maza da mata. Rani ne, ruwan iyakarsa gwiwa. Na tuɓe na kwanta a ciki ina harba ƙafa, cikina yana gogar duwatsu, agwagi suna gudu. Mutane suka yi ta dariya har wasu suka zauna a ƙasa. Uwata ce ta ratso su da mayafi a hannu, ta ce in fito haka nan kafin mura ta kama ni, abinci yana hucewa.